Me Ya Hana Pakistan Amincewa da Isra'ila Har Yau?

A cikin kowane fasfo da gwamnatin Pakistan ke bai wa ɗan ƙasarta akwai layi guda da aka buga ɓaro-ɓaro: wannan fasfo yana aiki a dukkan ƙasashen duniya, ban da Isra'ila. Ƙasa ɗaya tak aka ware. Ba a ware Indiya ba, duk da cewa sun gwabza yaƙi a 1947 da 1965 da 1971, suka sake kaurewa a tsaunukan Kargil a 1999, kuma ko a watan Mayun 2025 sai da suka kwashe kwanaki suna yi wa juna ruwan makamai. Indiya tana da ofishin jakadanci a Islamabad, Pakistan tana da nata a Delhi. In rai ya ɓaci a janye jakadu, a rage ma'aikata, amma ofisoshin suna nan. Ita kuwa Isra'ila ba ta haɗa iyaka da Pakistan ba, babu kogi ko fili da suke jayayya a kansa, ba su taɓa shelanta yaƙi a kan juna ba. Duk da haka, tun da aka kafa ta a watan Mayun 1948, babu gwamnati ɗaya a Pakistan, ta soja ko ta farar hula, da ta yarda ta amince da ita a matsayin ƙasa.

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce, ai Musulmi ne. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin dalili ba ne. Ƙasa ce mai mutum fiye da miliyan 240, kusan kashi 96 cikin 100 Musulmi, kuma matsayin Masallacin Ƙudus, alƙibla ta farko, a zukatansu ba ya buƙatar bayani. Sai dai in da addini kaɗai ke yanke wannan hukunci, da Turkiyya ba ta amince da Isra'ila tun 1949 ba. Da Masar ba ta sa hannu a yarjejeniyar sulhu a 1979 ba, Jodan ba ta bi sahunta a 1994 ba, alhali su ne suka zubar da jini a fagen daga. Azerbaijan, wadda Pakistan ke kira 'yar'uwa, tana cinikin mai da makamai da Isra'ila a fili. Senegal tana da ofishin jakadancin Isra'ila a Dakar. Ke nan akwai abin da ya sa Musuluncin Pakistan ya kai ta ga wannan matsaya, na waɗancan bai kai su ba, kuma a cikin tarihin haihuwar ƙasar ne da rigimarta da Indiya za a same shi.

Kafin nan, akwai bambanci tsakanin yanke hulɗa da ƙin amincewa, kuma mu a nan mun ga na farkon da idonmu. Isra'ila ta buɗe ofishin jakadanci a Legas tun 1960, ko da yake Sardauna Ahmadu Bello bai ɓoye adawarsa ba, ya ƙi yarda taimakonta ya shigo Jihar Arewa. Gwamnatin Gowon ta yanke hulɗa a 1973, ta Babangida ta maido da ita a 1992. Nijar ta yanke a 1973, ta maido a 1996, ta sake yankewa a 2002. Chadi ta yanke a 1972, sai a watan Janairun 2019 Idriss Déby ya karɓi Netanyahu a N'Djamena aka ɗinke. Duk waɗannan sun riga sun yarda akwai ƙasa mai suna Isra'ila, fushi suka yi da ita, kuma fushi yana hucewa. Pakistan ba ta taɓa taka wancan matakin na farko ba. Dokar ƙasa da ƙasa ba ta tilasta wa kowa ya taka shi. Isra'ila ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Mayun 1949, wakilanta da na Pakistan suna zama a zaure ɗaya, amma zama a zaure ɗaya ba amincewa ba ne. Sannan amincewa abu ne da in ka bayar, da wuya ka iya karɓe shi. Shi ya sa ƙasashe ashirin da 'yan kai da suka rage ba su bayar ba suke riƙe da shi tamau, domin sau ɗaya ake amfani da shi.

Alaƙar Musulmin yankin Indiya da Falasɗinu ta girmi Pakistan kanta. Maulana Muhammad Ali Jauhar, jagoran fafutukar kare Halifancin Usmaniyya bayan yaƙin duniya na farko, ya rasu a Landan a watan Janairun 1931, aka ɗauki gawarsa aka kai birnin Ƙudus aka binne a harabar Masallacin. Ƙarshen wannan shekarar, Muhammad Iqbal, mawaƙin da 'yan Pakistan ke ɗauka a matsayin wanda ya fara mafarkin ƙasarsu, ya halarci babban taron Musulmin duniya a Ƙudus. Da kwamitin Peel na gwamnatin Birtaniya ya kawo shawarar raba Falasɗinu a 1937, Iqbal ya fito ya soki shawarar, Muhammad Ali Jinnah, wanda daga baya ya jagoranci kafa Pakistan, shi ma ya yi tir da ita a taron jam'iyyarsa ta Muslim League a Lucknow. A lura da wanda suke magana da shi: Birtaniyar da ke mulkin Indiya ita ce ke riƙe da Falasɗinu, ita ce ta yi alkawarin Balfour a 1917, na samar wa Yahudawa gida a Falasɗinu. A wajen waɗannan mutane, yaƙi da mulkin mallaka a gida da kare Falasɗinu abu ɗaya ne, abokin gaban ma ɗaya ne.

Don haka lokacin da aka kawo batun raba Falasɗinu gaban Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, Pakistan tana da wata uku da 'yan kwanaki a duniya, amma ta riga ta san inda za ta tsaya. Ranar 29 ga Nuwamban 1947 aka kaɗa ƙuri'a a kan ƙuduri mai lamba 181: ƙasashe 33 suka goyi baya, 13 suka ƙi, 10 suka ƙaurace. Pakistan tana cikin 13 ɗin, haka ma Indiya. Jagoran tawagar Pakistan, Muhammad Zafarullah Khan, wanda ya zama ministan harkokin waje na farko, yana cikin waɗanda suka fi kowa kare hujjar Larabawa a wannan zaure.

A nan ne tambaya mai nauyi take, kuma masu sukar Pakistan ba su daina yin ta ba. Ita kanta ba ta hanyar raba ƙasa aka haife ta ba? Ba don a samar wa mabiya addini ɗaya gida aka yanko ta daga Indiya a watan Agustan 1947 ba? To me ya sa abin da ya halatta gare ta ya haramta ga Yahudawa? Har Janar Ziya'ul Haq, da yake mulki, ya taɓa kwatanta ƙasarsa da Isra'ila, yana cewa dukansu a kan aƙida aka gina su. Amsar da Zafarullah ya bayar tun a 1947 ita ce har gobe ake maimaitawa, kuma a ganina tana da ƙarfi. A Indiya, manyan ɓangarorin biyu, jam'iyyar Congress da Muslim League, sun amince da shirin rabuwar kafin a aiwatar. Yankunan da suka zama Pakistan kuwa, Musulmi ne mafiya rinjaye a cikinsu tun kaka da kakanni, ba daga wata nahiya aka kawo su ba. A Falasɗinu ba a nemi yardar mafiya rinjaye ba. Yahudawa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na jama'ar ƙasar, mafi yawansu sun shigo ne cikin shekaru talatin da suka gabata, filin da ke hannunsu bai kai kashi 10 cikin 100 ba, amma shirin ya ba su fiye da rabin ƙasar. Ya kuma yi nuni da cewa ƙasashen Yamma da ke matsa lamba a tsugunar da Yahudawan da suka tsira daga kisan ƙare-dangin Turai a Falasɗinu, su kansu ba su buɗe ƙofofinsu yadda ya kamata ba. Abin da ya biyo baya a 1948, lokacin da Falasɗinawa kimanin 700,000 suka rasa gidajensu, ya ƙara tabbatar wa 'yan Pakistan cewa wakilinsu ya hango daidai. Su ma a lokacin suna tsakiyar karɓar miliyoyin 'yan gudun hijira daga Indiya, sun san abin da ake nufi da barin gida da mabuɗi a hannu.

Wannan shi ne tushe. Amma abin da ya hana tushen ruɓewa shekara kusan tamanin shi ne Kashmir.

Jihar Jammu da Kashmir mafi yawan mutanenta Musulmi ne, sarkinta Hari Singh kuwa ɗan Hindu ne. A watan Oktoban 1947, ana tsakiyar rikici, ya sa hannu ya miƙa jihar ga Indiya. Yaƙi ya ɓarke, aka kai ƙara Majalisar Ɗinkin Duniya, a watan Afrilun 1948 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 47, wanda ya tanadi ƙuri'ar raba gardama don mutanen Kashmir su zaɓi inda suke so. Har yau ba a yi ta ba. Duk hujjar Pakistan a kan Kashmir a kan ginshiƙai uku take: ƙarfin soja ba ya halatta mallakar ƙasa, daɗewar mamaya ba ta mayar da ita gaskiya, kuma ƙudurorin Majalisar Ɗinkin Duniya ba sa tsufa. Waɗannan su ne ginshiƙan hujjar Falasɗinawa, da ƙuduri na 194 na 1948 kan komawar 'yan gudun hijira da na 242 na 1967 kan janyewa daga yankunan da aka mamaye. Mutumin da ke gaban alƙali yana neman gonarsa da aka ƙwace ba zai je ya sa hannu a matsayin shaida a takardar gonar maƙwabcinsa da aka ƙwace ta hanya iri ɗaya ba, don ya san ranar shari'arsa za a ɗauko takardar a nuna masa. Imran Khan ya faɗi haka ƙarara a watan Agustan 2020, yana firaminista: in Pakistan ta amince da Isra'ila ta kawar da kai daga halin Falasɗinawa, to sai ta haƙura da Kashmir ma. Shekara guda kafin nan, ranar 5 ga Agustan 2019, gwamnatin Modi ta soke sashe na 370 na tsarin mulkin Indiya, wanda ya bai wa Kashmir ƙwarya-ƙwaryar 'yancin kai, aka kuma sassauta dokokin da ke hana baƙi mallakar fili a can. A Pakistan ba a ɓata lokaci ba wajen kwatanta wannan da matsugunan Yahudawa a Gaɓar Yammacin Kogin Jodan.

Ita Indiya kuwa ta bi wata hanya dabam. Ta amince da Isra'ila a 1950, amma ta ja ƙafa har 1992 kafin ta buɗe cikakkiyar hulɗa. Daga nan abin ya yi ta haɓaka. Isra'ila ta taimaka mata da kayan yaƙi lokacin Kargil, ta zama cikin manyan masu sayar mata da makamai, a 2017 Modi ya zama firaministan Indiya na farko da ya taka ƙasar. A faɗan Mayun 2025 rundunar sojan Pakistan ta sanar cewa ta kakkaɓo jirage marasa matuƙa samfurin Harop, ƙirar Isra'ila, da Indiya ta turo. Ga talakan Lahore, wannan ya isa hujja, ba ya buƙatar wani dogon nazari. Akwai kuma tsohon tsoro a zukatan hafsoshi. A watan Yunin 1981 jiragen Isra'ila suka ragargaza tashar nukiliyar Iraƙi ta Osirak, daidai lokacin da Pakistan ke aikin nata shirin a Kahuta, jaridun Yamma suna kiransa bam ɗin Musulunci. Tun daga lokacin har zuwa gwajin da ta yi a tsaunukan Chagai ranar 28 ga Mayun 1998, Pakistan ta zauna cikin shirin ko-ta-kwana kan yiwuwar a kawo mata irin wannan hari.

Goyon bayan bai tsaya a baki ba. A yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1967, matuƙin jirgin yaƙin Pakistan Saiful Azam, ɗan yankin da daga baya ya zama Bangladesh, ya harbo jiragen Isra'ila yana tuƙa na Jodan da na Iraƙi. A watan Afrilun 1974 Sattar Alvi ya yi irin wannan a jirgin Siriya. Bayan wani ɗan Ostareliya ya cinna wa Masallacin Ƙudus wuta a watan Agustan 1969, Pakistan tana cikin waɗanda suka hallara a Rabat aka aza harsashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi. Taron ƙoli na biyu kuwa a Lahore aka yi shi, a watan Fabrairun 1974, firaminista Zulfikar Ali Bhutto yana mai masauki, Sarki Faisal da Sadat da Gaddafi da Yasser Arafat duk suna nan. Ƙasar da aka tsaga gida biyu a 1971, ta fito daga yaƙi a wulaƙance, ta sami hanyar miƙewa ta juya fuskarta zuwa yamma, wajen Larabawa. Daga wannan lokaci ne ma'aikatan Pakistan suka fara kwarara ƙasashen Larabawa masu arzikin mai, kuɗin da suke aikowa gida ya zama jijiyar tattalin arziki. Batun Falasɗinu ya zama wani ɓangare na yadda Pakistan ke gabatar da kanta ga duniyar Musulmi.

Ba zai yiwu a ba da wannan labari a tsallake 1970 ba, ko da yake masu yabon Pakistan sukan tsallake. A rikicin Satumban wannan shekara, da sojojin Sarki Husaini na Jodan suka auka wa mayaƙan Falasɗinawa, aka kashe dubbai, akwai wani birgediya ɗan Pakistan da ke aikin horar da sojan Jodan, kuma ya taka rawa a ɓangaren sarki. Sunansa Ziya'ul Haq, wanda bayan shekara bakwai ya kifar da Bhutto ya hau mulki da sunan Musulunci. Duk wanda ya damu da Falasɗinawa da gaske dole wannan ya tsaya masa a rai. Yana nuna cewa inda maslahar gwamnati ta ci karo da ƙa'idar da take wa'azi a kai, ba kullum ƙa'idar ke nasara ba.

Haka ma ƙin amincewa bai taɓa nufin babu magana ba. An daɗe ana tuntuɓar juna ta bayan fage, amma wanda ya fito da abin fili shi ne Janar Pervez Musharraf. A 2003 ya ce lokaci ya yi da 'yan ƙasar za su zauna su tattauna batun amincewa ba tare da tsoro ba. Ranar 1 ga Satumban 2005, jim kaɗan bayan Isra'ila ta kwashe matsugunanta daga Zirin Gaza, ministan harkokin wajensa Khurshid Kasuri ya gana da takwaransa Silvan Shalom a Istanbul, gaban 'yan jarida, Turkiyya ce ta haɗa su. Cikin watan Musharraf ya gaisa da firaministan Isra'ila Ariel Sharon a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kuma yi jawabi a gaban wata babbar ƙungiyar Yahudawan Amurka a New York. Mutum ne da ke riƙe da soja da gwamnati a hannu ɗaya, yana kuma da cikakken goyon bayan Amurka. Duk da haka a nan ya tsaya, ya ce amincewa sai an kafa ƙasar Falasɗinu. In mai wannan ƙarfin bai iya ƙetarawa ba, ana iya gane dalilin da ya sa gwamnatocin haɗin gambiza da suka biyo baya ba su ko kusanci wurin ba.

Abin da ya tsayar da shi yana kan titi. Jam'iyyun addini irin su Jama'atul Islami da Jam'iyyatu Ulama'il Islam ta Maulana Fazlur Rahman ba su taɓa cin zaɓen ƙasa ba, amma suna iya cika manyan titunan Karachi da Lahore cikin kwana ɗaya. Kuma a wannan batu ba su kaɗai ba ne: ɗan boko mai ra'ayin gurguzu, da ɗan kasuwa, da malamin makarantar allo, da Sunni da Shi'a, a ƙasar da kusan komai ke raba kan mutane, a nan bakinsu ɗaya. Zargin cewa wane ɗan koren Yahudawa ne makami ne da 'yan siyasa ke jifan juna da shi, kowa kuma yana tsoron ya same shi. Abin yakan sauka har kan ɗaiɗaikun mutane. A 2002 ɗan wasan tanis Aisam-ul-Haq Qureshi ya haɗa gwiwa da ɗan Isra'ila Amir Hadad a gasar Wimbledon, hukumomin wasa na ƙasarsa suka yi masa barazanar dakatarwa. A 2022 gidan talabijin na gwamnati ya sallami wani ma'aikacinsa saboda ya shiga wata tawaga da ta ziyarci Isra'ila.

A nan akwai wata asara da ba a cika ambata ba. Karachi tana da Yahudawa 'yan asalin yankin, da majami'arsu Magen Shalom da aka gina tun 1893. Ba su suka kori kowa daga Yafa ko Haifa ba. Amma duk lokacin da yaƙi ya tashi a Gabas ta Tsakiya, a 1948 da 1956 da 1967, su ake huce haushi a kansu, har suka watse kusan gaba ɗaya, a 1988 aka rushe majami'ar aka gina rukunin shaguna a wurin. Wannan zalunci ne, kuma bai ƙara wa Bafalasɗine ko taƙi ɗaya na ƙasa ba. Hasali ma ya ƙarfafa hujjar masu cewa Bayahude ba shi da wurin zama lafiya sai Isra'ila. Matsayar da Zafarullah ya kare a kan haƙƙin mutanen da aka ƙwace wa ƙasa take, ba a kan ƙin wani addini ba, kuma duk lokacin da aka gauraya biyun, matsayar ce ke raunana.

Sai 2020 ta zo da Yarjejeniyar Ibrahim, ta ƙulla hulɗa tsakanin Isra'ila da wasu ƙasashen Larabawa. Ranar 15 ga Satumba Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Baharen suka sa hannu a fadar White House, Sudan da Maroko suka biyo baya kafin shekara ta ƙare. Wanda ya duba da kyau zai ga kowa da abin da aka ba shi: an cire Sudan daga jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da tallafa wa ta'addanci, an amince wa Maroko da mallakar Yammacin Sahara, an yi wa Daular Larabawa alkawarin jiragen yaƙi na zamani. Khartoum da aka yi shelar “a'a” uku a cikinta a 1967, babu sulhu, babu amincewa, babu tattaunawa, ita ma ta sauya. A watan Nuwamban 2020 Imran Khan ya ce ana matsa wa Pakistan lamba ta bi sahu, amma ya ƙi bayyana dukkan masu matsawar.

Akwai 'yan Pakistan masu ilimi, ciki har da tsofaffin jami'an diflomasiyya, da ke ganin ya kamata a bi. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa ƙauracewar shekaru ba ta 'yantar da ƙauye ɗaya ba, sai dai ta tura Isra'ila hannun Indiya. Suna cewa ƙasar da ke fama da ƙarancin ruwa tana buƙatar fasahar noman rani da Isra'ila ta ƙware a kai, ƙasar da ke yawan zuwa gaban Asusun Ba da Lamuni na Duniya kuma tana buƙatar abokai a majalisar dokokin Amurka. Suna ƙarawa da cewa ƙungiyar 'yantar da Falasɗinu ta PLO kanta ta amince da Isra'ila a 1993. Inda hujjar ke da rauni shi ne wajen lissafi. Maroko ta sami abin da ta fi so a duniya. Abin da Pakistan ta fi so shi ne Kashmir, kuma babu mai iya ba ta shi a wannan ciniki. Isra'ila ba za ta bar kasuwar makamai da ƙawancen Indiya mai mutum biliyan ɗaya da miliyan ɗari huɗu don ta faranta wa Islamabad ba. Ke nan za a biya farashi mai tsada a cikin gida, a raunana hujjar Kashmir, a karɓi abin da bai taka kara ya karya ba. Ƙasashen da suka amince kuma, da suka ce shigarsu za ta ba su bakin magana, ba mu ga bakin ya hana faɗaɗa matsugunai ko rugurguza Gaza ba.

Labarin Armeniya yana taimakawa wajen gane yadda Pakistan ke tunani. Shekara fiye da talatin ita kaɗai ce ƙasar da ba ta amince da Armeniya ba, saboda goyon bayan Azerbaijan a rikicin Nagorno-Karabakh, wanda shi ma take kallonsa a matsayin mamayar da ƙudurorin Kwamitin Sulhu suka yi tir da ita. Da Azerbaijan ta karɓe yankin, ta kuma kama hanyar sulhu da maƙwabciyarta, sai Pakistan ta ƙulla hulɗa da Armeniya a ƙarshen Agustan 2025, ba tare da wata hayaniya ba. Sharaɗi ne, da ya cika aka wuce wurin. A hukumance haka batun Isra'ila yake. Pakistan, wadda ta amince da ƙasar Falasɗinu tun 1988, ba ta cewa har abada. Cewa take sai an kafa ƙasar Falasɗinu mai cin gashin kanta, a kan iyakokin kafin yaƙin 1967, da birnin Ƙudus a matsayin hedikwata. Wannan ya yi daidai da shirin sulhun da Saudiyya ta gabatar a taron Larabawa na Beirut a 2002. Ina ganin matsaya ce mai kyau, domin ta bar ƙofa a buɗe, ta kuma faɗi abin da za a kawo kafin a shiga. Wanda ya bayar da amincewa kafin a cika sharaɗin ya zubar da ɗan abin da ya rage a hannunsa.

Yaƙin Gaza da ya fara a watan Oktoban 2023, da dubun-dubatar rayukan da suka salwanta a cikinsa, ya rufe bakin masu neman a sassauta, ba a Pakistan kaɗai ba. Bangladesh, wadda ta cire irin wancan layi daga fasfonta a 2021, ta maido da shi a 2025. Amma inda za a sa ido shi ne Riyadh. Saudiyya ce ke ajiye biliyoyin daloli a babban bankin Pakistan duk lokacin da asusu ya kusa ƙafewa, ita ke ba da mai bashi, kuma 'yan Pakistan fiye da miliyan biyu ke neman abinci a can. Ranar 17 ga Satumban 2025, kwana takwas bayan jiragen Isra'ila sun kai hari a Doha, ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniyar tsaro da ta ce hari a kan ɗaya hari ne a kan dukansu. Yarima Muhammad bin Salman ya faɗa wa Majalisar Shura a watan Satumban 2024 cewa babu hulɗa da Isra'ila sai da ƙasar Falasɗinu mai hedikwata a Gabashin Ƙudus. In Saudiyya ta tsaya a kan wannan har aka samu, Pakistan za ta bi ta cikin sauƙi, domin sharaɗinta ne ya cika. In kuwa Saudiyya ta amince a kan alkawarin baka kawai, cewa za a duba batun ƙasar Falasɗinu nan gaba, to shugabannin Islamabad da hafsoshin Rawalpindi, hedikwatar sojan ƙasar, za su shiga matsin da ba su taɓa shiga ba tun 1948: masu ba su bashi suna jira ta gefe guda, ta ɗaya gefen kuma ga jama'ar Karachi da Peshawar, ga kuma fayil ɗin Kashmir da har yanzu yake buɗe a Kwamitin Sulhu.